Gwaggo Kulu a Kan Kujera Mai Tsada

Tun da na dawo Aliero ban huta da tambaya ba. Ƙawayena na makaranta suna so su ji yadda ni, da ban taɓa wuce Jega a kan mashin ba, na je har bayan Maiyama da tsakiyar damina kuma na dawo lafiya. Ɗaya daga cikinsu, wadda mijinta ke shawarar sayen irin kujerar da yayana ya sa wa mashin ɗinsa, ta matsa mini sai na gaya mata gaskiya, kujerar ta ci kuɗinta ko asara ce. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a waya, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Mai son amsa a taƙaice ta yi haƙuri da ni, ban iya gajarta magana ba.

Gwaggo Kulu ƙanwar mahaifinmu ce. Tana aure a wata tunga a bayan Maiyama. Da bazara santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ta karye a cinya, aka kawo ta garinmu wurin maɗori. A gidanmu ta yi jinya, kuma da yake ina hutu, ni ce mai kai mata ruwa, mai taya ta juyawa, mai sauraron mitarta. Tana cikin koyon takawa da sanda sai saƙo ya zo cewa Saratu, 'yarta ɗaya tilo da ta samu bayan dogon jira, ta dawo gidan iyaye goyon ciki, kuma watanta ya kama.

Baba ya ce Gwaggo ta dakata sai ruwa ya ɗauke, tunda mota ba ta shiga tungarsu da damina.

"Yaya," in ji ta, "yarinyar nan ta zo gida ta iske ɗaki a kulle. Wa za ya dafa mata ruwan wanka? Malam?"

Malam shi ne mijinta, wanda ko shayi bai iya haɗawa ba. Baba ya ce to a ji ta bakin maɗori.

Muka koma wurin maɗorin. Ya lallatsa cinyar a hankali, ya sa ta taka, ya sake shafa mata man ɗori, wani baƙin mai ne mai kauri da ƙarfin wari, ya naɗe da tsumma. Sannan ya dubi Yaya Murtala, babban wanmu, ya ce, "Ƙashi ya kama, amma ɗanye na. Tana iya tahiya. Sai dai in ta hwaɗi, ko anka jijjiga ta da yawa, an koma hwarko, kuma ban yi maka alkawalin shi sake kamawa daidai ba."

Da wannan magana a zuciya muka kama hanya.

Yanzu sai in gaya muku kujerar. Yaya Murtala malamin firamare ne a Jiga Birni, kullum yana kan hanya, har bayansa ya fara damunsa. Sai ya je Jega ya sayo wata kujerar mashin 'yar waje, ya cire wadda mashin ɗin ya zo da ita. Faɗi gare ta, da kauri, wurin mai tuƙi daban, wurin na baya ya ɗan ɗaga, da wani ɗan majingini a ƙarshe. Kuɗinta ya kusa sayen tunkiya. Ranar da ya shigo da ita Baba ya zagaya mashin ɗin, ya ce, "To, an sayo ma jaki katifa." Tun daga nan gidanmu ya rabu biyu a kanta. Kuma kamar yadda kowa ke yi da sabon abu a wurinmu, Yaya bai cire ledar da ta zo a ciki ba. Inda ledar ta fara yagewa ma ya bi ya liƙe da salatif.

Shirinmu shi ne Gwaggo ta hau mota har Maiyama, inda kwalta ta ƙare mana, daga nan Yaya ya goya ta. Muka biya mata kujerar gaba ita kaɗai don ta miƙe ƙafa. Ni kuma na hau bayan Yaya, da buhun albasa na tsaraba ɗaure a kariyar bayan mashin, muna bin motar a baya.

Daga Aliero zuwa Jega ban san an yi tafiya ba. Ramukan da nake ji har cikin haƙorana a kan wasu mashina, a nan sai in gan su da ido kawai, su wuce ta ƙarƙashina kamar an faɗi magana a wani ɗaki. Gero ya yi kore shar a gefen hanya, iska na ƙamshin ƙasa, na saki jiki har na fara haɗa baitoci a raina. Abu ɗaya ne ya riƙa katse ni. Duk lokacin da Yaya ya taka birki sai in zame in bugi bayansa da goshi.

"Ke Nana, barci kike?"

"A'a Yaya, abayata ce mai santsi."

Haka na ɗauka, shi ma haka ya ɗauka.

A tashar Jega aka ce sai an canza mota. Muka zaunar da Gwaggo a benci, na sayo mana masa da soyayyen kifi. Mutanen Jega da kifi kamar mu ne da albasa, ba sa ganin an ci abinci in babu shi. Mai kifin da ta ji daga Aliero muke sai ta ce ai tun kafin mu buɗe baki hancinta ya gaya mata. Gwaggo ta ce gara warin albasa da ƙarni. Suka yi ta yi, har matar ta ƙara mana kai biyu kyauta.

Kafin mu gama ci, 'yan kabu-kabu sun kewaye mashin ɗin Yaya. Wannan ya danna kujerar da yatsa, wancan ya leƙa ƙarƙashinta. Wani dogo mai hula ja ya tambayi kuɗinta. Da Yaya ya faɗa sai ya riƙe baki.

"Malam, ga mai kushin can bayan tasha. Shi ninka maka soso biyu, shi ɗinke da leda mai kauri, ko kwatan wanga ba ka biya ba."

"Soson nan nasa wata nawa yake yi kafin ya kwanta?" in ji Yaya.

"In ya kwanta a sake wani."

Wani ya ce shi ko kyauta aka ba shi ba ya so, don tudun nan na baya ya cinye wurin buhu, kuma shi buhu yake ɗauka fiye da mutum. Wani ya ce ta yi tsayi, gajere in ya hau sai ya nemi tsani. Wani dattijo a cikinsu ya nemi izini ya hau, ya ɗan zauna, ya lumshe ido. Da ya sauko ya dafa ƙugunsa ya ce shi dai da ya samu irin wannan tun yana saurayi, wataƙila da yanzu yana ruku'u ba tare da nishi ba. Aka yi dariya, mai hula ja ya ce to ya haɗa kuɗi ya saya mana. Dattijon ya ce yanzu kuma wane baya ya rage da za a tattala. Muka bar su suna gardama, babu wanda ya ci.

Wasu sun tambaye ni ko mun ƙetare wata iyaka. Iyakar da na sani ita ce gadar Jega. Da muka hau ta na dubi gulbi ya cika ya yi ja, sai na ji kamar a nan duniyar da na sani ta tsaya. Gaba kaɗan akwai shingen jami'an tsaro. Wanda ya tsayar da mu bai tambayi komai ba sai inda aka sayi kujerar. Ya shafa ledar ya ce, "Ka yi dabara da ka bar ta, rana ba ta ci ta ba." Yaya ya ji daɗi ƙwarai.

Hadari ya riga mu isa Maiyama. Muna sauke Gwaggo daga mota aka kece da ruwa, aka yi ta yi har la'asar ta wuce. Shiga daji a wannan lokaci ganganci ne, sai muka sauka gidan Inna Ige, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata. Ban taɓa ganinta ba, amma ta rungume ni kamar ita ta goya ni, ta ce ga hancin Baba nan an manna mini. Ta ba mu ɗakinta ita ta koma na jikoki. Yaya ya kwana a zaure, bayan ya shigar da mashin ciki ya goge ledar tas da tsumma.

Ta yi mana tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa, mai tsami daidai, wadda har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Abin da ya ba ni mamaki shi ne albasa. Na ga ta ɗauko ƙwaya ɗaya, ta yanki gefe, ta mayar da sauran cikin kwano ta rufe. A gidanmu albasa da hannu biyu ake zubawa, wadda ta ɗan yi laushi a watsa wa awaki. Da na buɗe buhunmu na cika mata ƙwarya, sai ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ɗiyata, biki za ni yi?" Na ji kunyar duk albasar da na taɓa zubarwa.

Da safe gari ya waye fes. Inna Ige ta aika aka kira mijin 'yarta, Ɗanbala, ɗan kabu-kabu ne da ya san hanyar, don ya goya ni da buhun albasa. Kujerarsa kuwa, soson ya daɗe da mutuwa. An ninka buhu an ɗora, an ɗaure da robar tayar mashin. Ya ga ina kallonta sai ya ce, "Kada ki raina ta, malama. Amare da yawa ta kai ɗaki, babu wadda ta dawo."

Muka taru muka ɗora Gwaggo a bayan Yaya. Ta jingina da majinginin, muka daidaita ƙafar a mataki, ta yi bisimilla. Suka shiga gaba, muna bin su.

A nan na san bambanci. Duk tsakuwar da Ɗanbala ya taka sai ta aiko mini da gaisuwa har tsakiyar kai. Ƙarfen da ke ƙarƙashin buhun ya yi ta neman ƙashina yana samu. Baitocin jiya duk suka watse. Shi kuwa labari yake ba ni, na shekarar da ruwa ya cinye hanyar, da na wani direba da ya yi taurin kai ya kwana biyu cikin laka. Ni dai idona na kan Gwaggo. Jijjigar ba ta kai mata kamar yadda take kai mini, wannan a fili yake. Amma sai na lura tana tafiya a kan kujerar. In an gangara ta zame gaba, in an hau ta zame baya, in an kauce wa rami ta karkata gefe. Ruwan da tayoyi ke fantsamawa ya jiƙa ledar, ga zanenta, ga man ɗori da ya fara ratso tsumma. Sai na tuna goshina da bayan Yaya. Na buɗe baki in kira shi ke nan muka iso wata gangara mai laka.

Tayar baya ta mashin ɗin Yaya ta ɗan ja gefe. Abin bai kai a ce komai ba, amma Gwaggo ta sulale gaba ɗaya ta ɓangaren ƙafar da ta karye. Yaya ya kai ƙafa ƙasa, kuma maganar mutanen tasha ta tabbata, kujerar ta yi tsayi, da ƙyar yatsunsa suka taɓa laka. Ya riƙe mashin ɗin a karkace da ƙarfin tsiya, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, yana kiran sunan Allah. Ban san lokacin da na diro ba. Na dai tsinci kaina cikin laka har gwiwa, na rungume Gwaggo ta ƙugu, ƙafarta na lilo saura kaɗan ta daki ƙasa. Ɗanbala ya yar da nasa mashin ya zo ya tallafe.

Muka zaunar da ita a kan wani kututture. Na durƙusa na taɓa cinyar, ina tambayarta nan fa, nan fa. Ta motsa yatsun ƙafar, ta ɗaga ta kaɗan, ta ce babu abin da ya motsa. Sai a lokacin na ji kukan tsuntsaye ya dawo kunnena.

"Ledar nan ce, Yaya," na ce. "Jiya ma ita ce."

Ya dubi kujerar. Wata da watanni yana lallaɓa ledar nan kamar jinjiri. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli zai huda ta, sai Gwaggo ta daka masa tsawa.

"Kul! Kada ka taɓa ta."

"Gwaggo, ita ta kusa kayar da ke."

"Na riƙe ka da kyau wannan karon. Kai ba ka ga man da ke jikina ba? In ya taɓa abin ga ya zauna ke nan har abada. In hau maka abu sabo in ɓata, a ce Kulu ta zo ta ci tuwon gidanku wata da watanni, ta kuma lalata ma yaro kujera?"

Na san da gaske take. Gwaggo ce fa, wadda katifar da aka saya mata tun auren Saratu har yau tana cikin ledarta, ita kuma tana kwana a tabarma.

"Gwaggo, don a zauna aka yi ta," in ji Yaya.

"A zauna da tsabta. Ɗanbala, gaya mai."

Ɗanbala ya ce shi ba ya shiga tsakanin uwa da ɗa, ya juya yana kakkaɓe buhun albasa.

Yaya ya durƙusa a gabanta cikin lakar, ya yi ƙasa da murya. "In na mayar da ke Aliero da ƙafa a karye, me zan ce wa Baba? Me zan ce wa Saratu?" Bai jira amsa ba. Ya tashi ya soka makullin, ya ja. Ƙarar yagewar ledar ta cika dajin. Gwaggo ta kawar da kai tana salati kamar an yanka mata akuya.

Abin da ke ƙarƙashi baƙi ne mai taushi, da ɗan kaushi-kaushi kamar bayan ganyen kabewa. Ashe an yi shi ne musamman don ya riƙe mai zama. Muka sake ɗora ta. Tun kafin a tayar da mashin man ɗorin ya shimfiɗa tabo mai faɗin tafin hannu a gefen kujerar. Na ga Yaya ya gani, na ga ya ɗauke ido.

Daga nan Gwaggo ta zauna kamar an dasa ta. Aka gangara, aka hau, aka kauce wa ramuka, ba ta gusa ba. Da farko fushi take, ba ta kula kowa. Da muka fara shiga gonakin mutanensu sai ta manta, ta shiga ɗaga hannu tana amsa gaisuwa. A can gaisuwa ba a yin ta a tsaitsaye kamar tamu ta cikin gari. Mai noma zai ajiye fartanya ya tako har bakin hanya, ya tambayi ƙafa, ya tambayi mutanen Aliero ɗaya bayan ɗaya, waɗanda bai taɓa gani ba. Da muka iso rafin da ke kusa da tungar, ruwa ya kai cinya. Maza huɗu suka fito daga gona, ba wanda ya roƙe su, suka kama mashin ɗin gaba da baya suka ɗaga shi sama da Gwaggo a kai, suka ƙetare da ita tana jingine tana ba su umarni. Ni na bi ta ruwa da takalma a hannu, ina dariya ina share hawaye. Ko sunayensu ban sani ba. Allah ya saka musu da alheri, su da Inna Ige da Ɗanbala.

To, ƙawata mai tambaya, ga abin da zan iya ce miki. In mijinki buhu yake ɗauka, ko gajere ne, ko iyakarsa cikin gari, ya je wurin mai kushin a ninka masa soso, ya riƙe sauran kuɗinsa. In kuwa yana doguwar hanya kullum, ko akwai wani mai rauni da zai riƙa goyawa, ni na ga ranar kujerar nan da idona, kuma na ji rashinta a jikina, don kwana biyu na yi ina zama a gefe ɗaya. Sai dai in ya saya, ya cire ledar tun a shago.

Mun shiga tungar rana ta ɗaga. Saratu na tsakar gida, ciki ya yi gaba, tana ƙoƙarin tsugunawa ta hura wuta. Da ta ɗago ta gan mu sai muciya ta faɗi daga hannunta. Yaya, da yake taubashinta ne, ya ce, "Ke, wanga ciki ko buhun gero kika haɗiye?" Ko kallonsa ba ta yi ba.

Muka sauko da Gwaggo. Na miƙa hannu in riƙe ta, ta ture, ta karɓi sandarta. Da ƙafarta ta taka tsakar gidan, a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, har ta wuce Saratu ba ta dube ta ba. 'Yar fari ce, ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba kuma za ta fara yau a gaban mutane ba. Kai tsaye ta nufi inda aka tara itacen wankan jego a gindin katanga. Ta zaro ɗaya, ta ƙwanƙwasa, ta sansana.

"Ɗanye na," in ji ta. "Wa ya tara wanga? Malam ko? Da wanga za a dafa ruwan mai jego? A kwashe a kai rumfa tun ruwa bai sake sauka ba." Sannan ta ce wa katanga, "A gaya ma yarinyar nan ta bar tsugunno gaban murhu."

Ta samu turmi a kife ta zauna, ta miƙe ƙafar. Saratu ta ɗebo ruwa a kwano, ta zo ta durƙusa da ƙyar, ta miƙa da hannu biyu, hawaye na ɗiga a haɓarta. Gwaggo ta juya fuska wajen itacen tana ci gaba da faɗan Malam. Ta kai hannu ta kama kwanon, tare da yatsun da ke riƙe da shi. Faɗan ya ƙare, ruwan ya daina rawa a cikin kwanon, ita dai ba ta sha ba, ba ta kuma saki ba.